Yadda Ake Tsare Garken Shanun Madara Daga Cutar Johne Ta Hanyar Zaɓen Iri Da Renon Maruƙa

Akwai wata irin rama da ke cin saniya a hankali. Tana ci tana sha, idonta garau, hancinta da laima, amma kullum ƙasusuwan haƙarƙarinta ƙara fitowa suke yi, zawo kuma ya ƙi tsayawa. A ba ta maganin tsutsa, a yi mata allurar sammore, a ƙara mata dusa da harawa, duk a banza. Idan saniyar ta haura shekara biyu, musamman idan ba ta daɗe da haihuwa ba, to cikin abubuwan da ya kamata a yi zargi har da cutar Johne, wadda ake furta sunanta Yone, likitocin dabbobi kuma suke ce mata paratuberculosis.

An fara bayyana ta a shekarar 1895 a birnin Dresden na ƙasar Jamus, lokacin da Heinrich Albert Johne da Langdon Frothingham suka buɗe hanjin wata saniya da ta rame ta mutu, suka tarar ya yi kauri, cike da ƙwayoyin cuta masu kama da na tarin fuka. Ƙwayar dangin ta tarin fuka ce, ana taƙaita sunanta da MAP. Ita dai ba huhu take nema ba. Ƙarshen ƙaramin hanji take kama wa, ta shige cikin ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda aikinsu shi ne su kashe ta, ta zauna a cikinsu tana hayayyafa shekara da shekaru. Bangon hanjin sai ya kumbura ya daina tsotse abinci. Abin da saniya ta ci wucewa yake yi, shi ya sa take ramewa alhali komi ba ya kwana da abinci a gabanta.

A ƙasashen da suka yi nisa a harkar madara ta zama ruwan dare. Binciken da ma'aikatar noma ta Amurka ta yi a 2007 ya gano ƙwayar a kusan kashi 68 cikin 100 na gonakin madarar da aka duba. A Afirka ma an tabbatar da ita a ƙasashe irin su Sudan da Uganda. Abin da ya sa ta shafe mu kai tsaye shi ne yadda kiwon madara ke sauyawa: ana tara shanu wuri ɗaya ba a fita da su kiwo, ana haɗa Bunaji da Bokoloji da Azawak da jinin Friesian ko Jersey, ana sayo karsana daga gonar da ba a san tarihinta ba. Wannan duk alheri ne ta fuskar yawan nono, amma shi ne kuma yanayin da cutar ta fi so.

Gado nawa ne a ciki?

Kafin a shiga matakai, dole a fahimci wannan, domin a nan mutane suke ruɗewa. Maruƙa biyu za su tashi a turke ɗaya, su sha ruwa ɗaya, su lashi ƙasa ɗaya, ɗaya ta kamu ta lalace a haihuwarta ta biyu, ɗayar ta tsufa lafiya. Wani ɓangare na wannan bambanci daga jini yake. Masu bincike a Holan da Denmak da Amurka sun auna shi a dubban shanu, yawancin sakamakon kuma ya faɗo a kewayen kashi 10 cikin 100: wato cikin bambancin da ake gani tsakanin shanu wajen kamuwa, kusan kashi ɗaya cikin goma ne gado ya jawo. Idan aka kwatanta, gadon yawan nono ya kai kusan kashi 30 cikin 100. An duba ƙwayoyin halitta da dama masu hannu a garkuwar jiki, irin su SLC11A1 da NOD2, abin da ya fito fili shi ne babu guda ɗaya da ke riƙe da al'amarin. Da yawa ne, kowace da ɗan tasirinta.

Kashi goma ba abin rainawa ba ne, domin abin da aka samu ta zaɓen iri yana taruwa ne daga uwa zuwa 'ya zuwa jika, ba ya kuma buƙatar a sake saye kowace shekara. Amma babban rabo na sauran kashi casa'in ɗin yana hannunka: inda maraƙi ya faɗo, abin da ya fara shiga bakinsa, da yawan kashin manyan shanu da ya haɗiya a watanninsa na farko. Duk wanda ya ce zai sayar maka da irin da wannan cuta ba ta kamawa, to ka riƙe kuɗinka. Babu irin wannan saniya, a gida ko a Turai.

Mataki na farko: ka tantance abin da kake gani

A yankinmu abubuwan da ke ramar da saniya suna da yawa, mafi yawansu kuma sun fi cutar Johne yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka ka fara kawar da su ɗaya bayan ɗaya. Ka auna zafin jikinta ta dubura. Na lafiyayyar saniya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗori. Mai cutar Johne ba ta cika yin zazzaɓi ba, saɓanin mai sammore wadda zazzaɓi ke zuwa mata yana tafiya. Ka ja fatar idonta ta ƙasa ka duba: idan ta yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, ka fi karkata ga tsutsar ciki, ciwon hanta ko sammore. Ka tuna da leda, domin saniyar da ta tara leda a tumbi tana ramewa, sai dai ita cin abincinta raguwa yake yi. Ka kuma yi wa kanka adalci game da abincin rani.

Idan an yi maganin waɗannan duka da magani mai kyau, a kan ƙa'ida, aka jira mako uku zuwa huɗu ba canji, sai ka duba alamomin ita kanta cutar. Zawon ruwa-ruwa ne, babu jini, babu majina, saniyar ba ta yunƙuri, wani lokaci har da 'yan kumfa. Yakan tsaya na wasu makonni ya dawo. Nono yana raguwa tun kafin zawon ya bayyana. Can gaba sai ka ga kumburi mai laushi a ƙarƙashin muƙamuƙi, idan ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Ciwon hanta ma yana kawo irin wannan kumburi, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne.

Idan ta kai ga yanka, kada ka bari mahauci ya tafi da kayan ciki kafin a duba. Ka nemi likitan dabbobi ya bi ƙaramin hanji har zuwa ƙarshensa, inda ya haɗu da babban hanji, ya tsaga shi a tsaye. A lafiyayyar saniya bangon siriri ne, idan ka ja shi sai ya miƙe sumul. A mai cutar Johne ya yi kauri ninki biyu ko fiye, cikinsa ya yi tudu da kwari kamar kwanon rufi, ko ka ja shi ba ya bajewa. Kaluluwar da ke jikin kitsen hanjin ma za ka gan ta a kumbure, da ruwa-ruwa. A yanki ɗan hanjin da kaluluwar a kai ɗakin gwaji.

Abu mafi muhimmanci a wannan mataki: saniya guda da ta nuna alama tana nufin akwai wasu a ɓoye. Ƙiyasin da likitoci suka daɗe suna amfani da shi shi ne, a bayan kowace guda da ta fito fili a garken da aka haife ta, akwai 15 zuwa 25 da suka kamu ba su nuna ba tukuna.

Mataki na biyu: gwaji

Gwaji iri uku ne aka fi sani. Akwai na jini ko na nono da ake kira ELISA, shi ne mafi araha da sauri. Akwai PCR, wanda ke neman ƙwayar a cikin kashi, sakamakonsa yana fitowa cikin kwanaki. Akwai kuma renon ƙwayar a ɗakin gwaji, wanda ke cin mako 8 zuwa 16 saboda jinkirin girmanta. Likitan dabbobinka ne zai tuntuɓi inda za a kai samfur, ko Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ko asibitin koyarwa na sashen likitancin dabbobi a jami'a mafi kusa. A tambaya tukuna ko suna da kayan gwajin a hannu kafin a ɗebi komai.

Kada ka ɓata kuɗi a kan maruƙa. Ka gwada waɗanda suka haura shekara biyu, ka fara da ramammu, da waɗanda nononsu ya ragu ba dalili, da waɗanda aka sayo daga waje. Kashin da za a gwada a ɗebo shi daga duburar saniyar da safar hannu sabuwa ga kowace guda, a sa a roba mai murfi, a rubuta lambarta, a ajiye cikin ƙanƙara. Idan aljihu bai da nauyi, ana iya haɗa kashin shanu biyar a gwada tare. Rukunin da ya nuna cuta sai a bi su ɗaya-ɗaya. Idan an yi wa garken gwajin fata na tarin fuka, a jira wata biyu zuwa uku kafin ELISA, domin yana iya sa sakamakon ya nuna cutar da babu.

Ga yadda ake karanta sakamako. Idan ELISA ya ce akwai, yawanci gaskiya ne, balle idan ya maimaita. Idan ya ce babu, kada ka saki jiki, domin a cikin shanun da suka kamu amma ba su fara nuna alama ba, waɗanda yake ganowa ba su kai rabi ba. Saboda haka gwaji ɗaya ba ya wanke saniya. Maimaitawa ce ke wanke ta, aƙalla sau ɗaya a shekara, an fi so gab da a daina tatsarta kafin haihuwa, don ka san yadda za ka yi da maraƙin da ke tafe.

A Denmak, tun 2006 suke gwada nono sau huɗu a shekara suna raba shanu gida uku: kore, rawaya da ja. Ka ari wannan tsari ko da ba za ka iya gwaji sau huɗu ba. Kore ita ce wadda aka maimaita gwajinta ba a ga komai ba. Rawaya ita ce wadda sakamakonta ke hawa da sauka, ko wadda uwarta ta yi cutar. Ja ita ce wadda ta nuna a jere ko ta fara rama da zawo. Ka ɗaura wa kowace igiya mai launinta a wuya ko a ƙafa, ta yadda yaron da ke tatsa da asuba zai gane ba sai ya tambaye ka ba.

Mataki na uku: littafin nasaba

Makiyayi na asali yana riƙe da nasabar shanunsa a ka, ya san wace ta haifi wace har kaka da kakanni. Matsalar gonar zamani ita ce ma'aikata suna sauyawa, mai gona kuma yana gari. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka ba kowace dabba shafi guda da lambar kunne. Ka rubuta ranar haihuwa, uwa, uba, wace saniya ce ta ba ta dakashi, inda aka haife ta, da sakamakon kowane gwaji. Idan allurar barbara aka yi, ka kwafe suna da lambar bijimin da ke jikin tsinken maniyyin kafin mai allurar ya jefar da shi. Wannan ƙaramin aiki ne da kusan kowa yake tsallakewa, bayan shekara huɗu kuma a rasa ko 'yar wane ce.

Ba tare da wannan littafi ba, maganar gado zance ne kawai. Cutar tana shiga a watannin farko, ta fito bayan shekara biyu zuwa biyar ko fiye. Ba wanda zai iya tuna abin da maraƙi ya sha shekara huɗu da suka wuce.

Mataki na huɗu: zaɓen waɗanda za su haifa maka garken gobe

Fara da ɓangaren uwa. 'Yar saniya mai cutar tana cikin haɗari ta hanya uku a lokaci guda. Za ta iya kamuwa tun a mahaifa: nazarin da ya tattara bincike da dama ya nuna kusan kashi 9 cikin 100 na 'yan tayin shanun da ba su nuna alama ba sun riga sun kamu, a shanun da suka fara rama da zawo kuwa adadin ya kusa kashi 40. Za ta iya kamuwa daga nono da kashin uwar. Ta kuma gaji rabin jininta. A gona ba za ka iya rarrabe wace hanya ce ta yi aiki ba, ba ka ma buƙatar rarrabewa, domin hukuncin ɗaya ne: karsanar da jar saniya, wato mai jar igiya, ta haifa a ƙarshe, da wadda ta gabace ta, kada su shiga cikin masu haifa maka iri. A yi kiwonsu daban a turke don yanka. Na san wannan yana da zafi, domin sau da yawa saniyar da ta fi kowace nono ita cutar ke kayarwa, 'yarta kuma ita ka fi sa wa rai. Idan garken ƙarami ne har ba za ka iya rabuwa da ita ba, to ta zauna da igiyar rawaya har abada, ana gwada ta kowace shekara, ba a kuma ba wani maraƙi nononta.

Ta ɗaya gefen, ka lura da tsofaffin shanun da suka yi haihuwa biyar ko shida a garken da cutar ke ciki, gwajinsu kullum kore. Sun sha abin da sauran suka sha, ba su faɗi ba. 'Ya'yansu mata su ne na ajiyewa, ko da nonon uwar bai kai na gwanar garke ba.

Sai ɓangaren uba, wanda a nan ne gado ya fi fitowa a sarari, tunda bijimi ba ya shayarwa. Bayan wasu shekaru ka buɗe littafinka ka jera shanun da suka nuna cutar bisa ubanninsu. Idan ka ga 'ya'yan bijimi guda, daga iyaye mata daban-daban, su ne suka fi yawa a jerin, ka daina amfani da shi da 'ya'yansa maza. Amma ka yi hattara da yanke hukunci a kan 'ya'ya uku ko huɗu, ka kuma duba ko duk a damina ɗaya aka haife su a wuri mai caɓi, domin laifin na iya zama na wurin. A nan ne haɗin kai ke da amfani: gonaki biyar da ke amfani da maniyyin bijimi ɗaya, idan suka haɗa littattafansu, za su ga abin da gona ɗaya ba za ta gani ba.

Bijimin da za ka saya ko ka ara, ka tambayi uwarsa: tana raye? Shekararta nawa? Idan ta mutu, me ya kashe ta? Shi ma a gwada shi, domin yana iya zuba ƙwayar a kashinsa a tsakiyar garkenka. Allurar barbara daga cibiya mai gwada bijimanta ta fi aminci ta wannan fuska. Idan maniyyin daga waje ne, ka nemi takardar bijimin. A Faransa, tun 2022 ana auna juriyar shanun Holstein, wato dangin Friesian, ga wannan cuta ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta, ana kuma nuna bijiman da suka yi fice. Idan ka samu irin wannan bayani ka yi amfani da shi, sai dai ka sani an gina ma'aunin ne a kan shanunsu, ba a kan Bunaji ko Rahaji ba. Game da Jersey, an sha samun cutar a cikinsu fiye da sauran irin madara a ƙasashe da dama. Wannan bai hana ka amfani da su ba, suna da ƙaramin jiki da jure zafi da nono mai maiƙo, amma sai ka ƙara tsanantawa a reno.

Kada kuma ka ɗauka shanun gida sun tsira. An samu cutar a shanu masu tozo a Indiya da gabashin Afirka. A ganina abin da ke kare garken makiyayi mai yawo shi ne tashi daga wuri kafin kashi ya taru, da zafin rana da ke busar da shi. Ranar da ka killace su, wannan kariya ta tafi.

Mataki na biyar: watannin farko na maraƙi

Idan abu ɗaya kawai za ka iya yi cikin duk abin da na lissafa, to wannan ne. Maraƙi ya fi saurin kamuwa a watansa na farko, haɗarin yana nan da ƙarfi har wata shida, daga nan ya riƙa raguwa. Babbar saniya ba ta cika kamuwa ba sai ta haɗiyi ƙwaya mai yawan gaske.

Ka ware wurin haihuwa, busasshe, a kan tudu, inda ruwan da ya wanko turken manya ba ya bi. A kankare shi a sake shimfiɗa bayan kowace haihuwa. Kada ya zama shi ne kuma ɗakin jinyar marasa lafiya, kuskuren da ake yawan yi saboda wuri ɗaya ne mai rufi a gonar. Ja da rawaya su haihu a wani wuri na daban. Kafin haihuwa a wanke hantsa da cinyoyi da wutsiya, a aske gashin da kashi ya daskare a kai. Ka tsaya ka kalli maraƙi sabon haihuwa yana neman nono: yana tsotsar gwiwar uwar, ya tsotsi fatar ciki, ya tsotsi wutsiya, kafin ya dace da kan nonon. Duk abin da ke jikin waɗannan wurare ya riga dakashi isa cikinsa.

A littattafan Turai ana cewa a ɗauke maraƙi nan take kafin ya tsotsa. Ga Friesian da 'ya'yanta masu yawan jinin waje wannan mai yiwuwa ne. Amma Bunaji da Bokoloji ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu, don haka sai a daidaita. Idan uwar kore ce, a bar shi ya sha daga gare ta ita kaɗai, bayan an wanke hantsar da ruwan ɗumi an goge da tsumma mai tsabta, da ya gama kuma a mayar da shi dangwali nesa da kashin manya, kada ya kwana cikinsu. Idan uwar ja ce, ba zai sha nata ba ko sau ɗaya. A ba shi dakashin koriyar saniya da kwalba. Asarar nonon jar saniya da ta ƙi saki ba asara ba ce, dama tana hanyar fita.

Dakashi kuwa ba a wasa da shi don gudun wata cuta. Maraƙi yana buƙatar kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a cikin awa shida na farko, wato mai kilo 25 ya sha lita biyu da rabi, ana farawa cikin awa biyu da haihuwa. Idan kana da firiza da wuta tsayayya, ka riƙa ajiye rarar dakashin tsofaffin korayen shanu a leda mai tsabta da lambar saniyar a jiki, ranar buƙata a narkar da shi cikin ruwan ɗumi. Ƙa'idar ita ce dakashin saniya ɗaya ga maraƙi ɗaya. Kada a taɓa haɗa na shanu da yawa a bokiti guda a raba wa maruƙa, domin guda mai cuta ta isa ta shafa wa duka. Idan dole sai an yi amfani da na rawaya, a ɗumama shi a digiri 60 na tsawon minti 60, a cikin kwano da aka sa cikin tukunyar ruwa, ana juyawa ana duba ma'aunin zafi. Idan ya wuce haka zai yi kauri ya daskare, kariyar da ke cikinsa ta lalace. Nonon yau da kullum da ake ba maruƙa a bokiti kuma a tafasa shi a bar shi ya huce.

Bayan yaye, kada a zuba wa maruƙa ragowar abincin da manya suka bari a komi. Su samu nasu komin, da nasu wurin shan ruwa, har su cika shekara.

Mataki na shida: kashi, ruwa da kayan aiki

Saniya ɗaya mai zubar da ƙwayar sosai tana fitar da biliyoyi a rana. Ƙwayar tana da taurin rai, tana iya kai shekara guda a inuwa da laima da ruwan kududdufi. Rana da bushewa suna rage ta. Ka ɗaga komi da abin shan ruwa sama da ƙasa yadda kashi ba zai faɗa ciki ba. Shebur da baro na kwashe kashi daban, na ɗiban abinci daban, a shafa musu fenti don kada a rikita. Wanda ya fito daga turken manya ya wanke takalminsa kafin ya shiga wurin maruƙa, ko ma a fara aikin maruƙa da safe kafin na manya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan kashi, sai an kankare an wanke tukuna, sannan a zuba mai sinadarin fenol a bar shi ya jima.

Takin garken a kai shi gonar hatsi a juye shi cikin ƙasa. Kada a watsa shi inda ake yanko wa maruƙa ciyawa ko inda za su yi kiwo cikin shekarar. Tumaki da awaki ma suna kamuwa, su kuma sau da yawa ramewa kawai suke yi ba zawo, har raƙuma ba su tsira ba, don haka kada su yi cuɗanya da maruƙa.

Mataki na bakwai: saye da sayarwa

Kusan kullum cutar da ƙafarta take shigowa, cikin saniya mai kyan gani da aka biya kuɗi mai yawa a kanta. Gwajin saniya ɗaya a ranar ciniki ba ya gaya maka komai sosai, musamman karsana. Tarihin garken da ta fito ne abin tambaya: ko sun taɓa samun manyan shanu masu rama da zawon da ya ƙi magani, ko suna gwaji, yaya suke renon maruƙa. Ka je gonar da kanka ka duba tsofaffin shanunsu da wurin haihuwarsu. Saye daga gona ɗaya da ka sani ya fi tsintowa daga kara daban-daban ta hannun dillalai. Duk wadda ta shigo ta fara da igiyar rawaya har sai ta yi gwaji biyu ko uku masu kyau.

Jar saniya kuwa mayanka za ta, da wuri, tun tana da nama a jiki. Likitan da ke duba nama ne zai yanke hukunci a kan naman, hanji da kaluluwarsa kuma a binne su. Kada ka kai ta kara ka sayar wa wani makiyayi a matsayin saniyar kiwo. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma ya tabbata a hadisi an hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Idan tana da ciki ya tsufa kana son jiran haihuwa, a killace ta nesa da maruƙa, a kwashe kashinta daban.

Mataki na takwas: magani da rigakafi

Babu maganin da ke warkar da ita. Magungunan da ke danne ta na tarin fukan mutane ne, sai an yi ta bayarwa har ƙarshen rayuwar dabbar, tana kuma ci gaba da zubar da ƙwayar. Kada ka yarda a ɗura wa saniya irin waɗannan magunguna, domin lalata su a jikin dabba cutarwa ce ga mutanen da rayuwarsu ta rataya a kansu. Akwai allurar rigakafi a wasu ƙasashe, tana rage rama da yawan zubar da ƙwayar, amma ba ta hana kamuwa, tana kuma rikita gwajin tarin fuka na shanu, cutar da muke fama da ita a nan. Ba a yin ta sai da izinin hukumar kula da lafiyar dabbobi.

Game da mutane, masana sun daɗe suna muhawara a kan alaƙar wannan ƙwaya da wani ciwon hanji na ɗan Adam da ake kira cutar Crohn, ba a kuma tabbatar da cewa ita ke jawo shi ba. Duk da haka a tafasa nono kafin a sha ko a yi kindirmo, nonon jar saniya kuma kada ya shiga kasuwa.

Ka shirya wa aikin shekara biyar ko fiye. A shekara biyun farko za ka ci gaba da ganin shanu suna faɗuwa, domin waɗanda suka kamu tun kafin ka fara ne suke fitowa. Ka ja layi a littafinka a ranar da ka sauya tsarin reno. Idan maruƙan da aka haifa bayan wannan rana suka kai haihuwarsu ta farko da ta biyu, ka gwada su, ka kwatanta yawan masu nuna cutar a cikinsu da na waɗanda suka gabace su. Idan adadin bai ragu ba, ka koma wurin haihuwa da bokitin dakashi ka binciki inda kashi yake samun hanyar shiga bakin maraƙi.